Banish a Kan Ludayin Mama

Shekara arba'in da ɗaya Baba ya yi yana aikin kafinta. Kujeru, gadaje, ƙofofi, teburan makaranta, babu abin da bai haɗa ba. Da gwiwoyinsa suka fara ƙin tsayuwa, sai ya bar wa abokin aikinsa shagon, ya kwaso akwatin kayan aikinsa da 'yan gwangwanayen da suka rage masa ya jera a barandar gidanmu, a hawa na biyu. Tun daga ranar ya zama mai neman abin gyara ido rufe. Ƙofar banɗaki sau biyu yana cire ta yana mayarwa, har Mama ta ce in ya ƙara taɓa ta za ta kai ƙararsa wurin yayarsa.

Kicin ne kaɗai bai taɓa sa wa hannu ba, don can mulkin Mama ne. A gefen murhu akwai wata tsohuwar tukunya da hannunta ya karye, a ciki take tsayar da kayan girkinta na itace: cokula biyar, muciya ɗaya, da wani babban ludayi mai zurfi. A jingine da bango kuma akwai katakon da take yanka albasa a kai. Duka mahaifinta ne ya sassaƙa mata su, domin shi masassaƙi ne. Ni ban riske shi ba, amma na tashi na ga cokulan nan, sun yi duhu, sun yi santsi, kowanne bakinsa ya ɗan cinye ta gefen da take juya tukunya da shi. Ba ta yarda kowa ya wanke su sai ita. Mu dai mun ɗauka halin iyaye ne.

Sai wata safiya ta taka ruwa a matakala ta zame, ta dafa ƙasa da hannun dama. Ƙashin wuyan hannun ya karye. A asibiti suka naɗe shi da filasta mai tauri tun daga tafin hannu har kusa da gwiwar hannu, likita ya ce mako shida, kada ta ɗauki ko kofin shayi da shi.

Ni ce auta, kuma ni ce mafi kusa da gida, amma ina aiki a kantin magani daga safe har la'asar. Na ce zan nemo wadda za ta riƙa yi musu girki. Baba ya ce a kan me?

"Mutumin da ya haɗa gado mai hawa biyu, dafa shinkafa ne zai gagare shi?"

"Bar shi ya gwada, Auta," in ji Mama. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ni kuwa ɗaya ya rage mini."

Girkin bai gagare shi ba, gaskiya. Mama kan zauna a kujera a bakin ƙofar kicin tana ba da umarni, shi kuma yana bi kamar yaron shago: rage wuta, ƙara gishiri, a'a, ba wannan murfin ba. In an gama ci sai ta sha maganinta ta shiga ɗaki ta kwanta, ta bar shi da wanke-wanke. A nan aka samu matsala. Baba ya gano cewa in ka cika roba da ruwa da sabulu ka zuba komai a ciki ka bar shi ya kwana, da safe dauɗar da kanta take fita. Har yana yaba wa kansa da wannan dabara. Da safe sai ya ɗauraye kayan, ya shanya na itacen a kan ƙarfen baranda inda rana ta fi dukawa, don su bushe da wuri.

Cikin mako biyu cokulan suka koma toka-toka. Jikinsu ya yi kaushi, wasu 'yan zaruruwa sun tashi kamar gashi. Mama ba ta lura ba, don daga inda take zama hannunsa kawai take gani. Shi ya lura. Ya kuma ga wani siririn tsagu ya fito a cikin babban ludayin, daga baki zuwa tsakiya. Bai gaya wa kowa ba.

A mako na uku na kai Mama a sake ɗaukar hoton ƙashin, daga can yayana ya ce ta zauna gidansa kwana uku ta huta, jikoki su yi mata ɗebe kewa. Ranar da na dawo da ita, tun daga matakala muka ji warin. Baba ya tarbe mu a ƙofa yana murmushi, ya ce mu rufe ido. Ba mu rufe ba. A kan teburin falo ya shimfiɗa jarida, ya jera cokula biyar da muciya da ludayi da katakon yanka, suna ƙyalli kamar an zuba musu zuma.

Mama ta tsaya. Ta ɗauki cokali ɗaya da hannun hagu, ta juya shi, ta kai hanci.

"Malam, me ka shafa musu?"

"Banish. Mai kyau kuwa, ba irin na kasuwa ba. Shafi biyu na yi. Irin wanda nake sa wa teburin cin abinci na manyan mutane."

"Teburi a kansa ake ci. Ba a tsoma shi a tukunya."

"In ya bushe ai shi ke nan, ya zama kamar gilashi. Ruwa ba ya shiga, dauɗa ba ta kamawa. Shekara nawa ina wannan aiki?"

"Me ya same su har suka buƙaci gilashi?"

Nan ya ɗan yi tari, ya ce sun tsufa ne kawai. Mama ta dube shi irin kallon da take yi mana muna yara in mun ce ba mu muka sha madarar ba. Ta ƙwanƙwasa cokalin da farce, ta ce, "Ka jiƙa su." Ba tambaya ta yi ba.

Ni na fita baranda na ɗauko gwangwanin. Rubutun ya kusa gogewa, amma ana iya karantawa: na kujeru da ƙofofi ne, kuma a ƙasa da ƙananan baƙaƙe an ce kada a shafa wa abin da zai taɓa abinci. Na karanta musu. Baba ya ce masu kamfani kullum haka suke rubutawa don kare kansu.

"To," in ji Mama, "ba sai mun yi gardama ba. Ɗora tukunya."

Shi da kansa ya ɗora, don yana da tabbacin zai ci gardamar. Ta sa ya zuba ruwa da ɗan mai da tumatir, ya bari ya tafasa, sannan ya riƙa juyawa da cokali ɗaya yana kankarar gindin tukunyar yadda ake yi in ana tsoron kamu. Muna tsaye mu uku a kicin ɗin da ko mutum biyu ba ya ɗauka. Da farko babu abin da ya faru, har ya fara ɗaga mini gira. Bayan kamar minti goma sha biyar ƙyallin ya dushe, bakin cokalin ya yi fari-fari, wani wari irin na shagonsa ya fara tashi tare da tururin. Da ya ɗago cokalin, banish ɗin ya ɗaye a baki, 'yan ɓarɓashi kamar ɓawon albasa suna yawo a saman ruwan.

Baba ya kashe wuta. Ya ɗauki tukunyar ya je ya zubar, ya wanke ta sau biyu. Mama ta shige ɗaki. A ranar da cokalin ƙarfe aka yi girki.

Washegari Asabar, ba ni da aiki, na zo da safe. Na same su a baranda, ita a kujera, shi a kan akwatin kayan aikinsa, kowa yana kallon titi. Can Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Mahaifinki, Allah ya jiƙansa, me yake shafa musu?"

"Amin. Kafin a kai ga shafi, sai an cire naka tukuna."

Ya miƙa hannu zai ɗauko kwalbar man da yake narkar da fenti da shi. Ta ce ya ajiye.

"Itace shan abu yake yi, Malam. Duk abin da ka ba shi zai riƙe, ya mayar maka a miya. Garin gyaran gira kada a rasa ido. Kankarewa za ka yi."

Kwana uku ya yi yana kankara. Ya wasa wani ɗan faifan ƙarfe, yana jan sa a hankali a jikin cokali, banish ɗin yana fita siriri-siriri yana naɗewa. Cikin cokalin ne ya fi ba shi wuya, sai da ya lanƙwasa wata tsohuwar wuƙa ya yi mata baki zagayayye. Mama ta ce kada ya tsaya inda ƙyallin ya ƙare, ya ƙara shiga kaɗan har sai ya ga farin itace mai tsabta, don saman ya riga ya sha. Bayan haka ya bi da samfefa, mai kaushi da farko, sannan mai laushi. Duk wanda ya gama sai ya miƙa mata, ta shafa da babban yatsa, ta sansana. Biyu ta mayar masa.

Da aka gama ta ce ya jiƙa tsumma ya goge su, ya bar su su sha iska a inuwa, zaruruwan za su sake tashi, sai ya ƙara bi da samfefa mai laushi.

"Wannan kam na sani," in ji Baba. "Haka muke yi wa saman teburi."

"Madalla. Ashe ba a banza aka yi shekara arba'in ba."

"Da ɗaya."

"Da ɗaya," ta ce, karo na farko da na ga ta yi murmushi tun dawowarta.

Da aka zo kan mai, Baba ya nufi kicin zai ɗauko na girki, a ganinsa abin da ake ci ai ba zai cutar ba. Mama ta ce cutarwa ba zai yi ba, amma in ya daɗe a cikin itace lalacewa yake yi, bayan 'yan watanni cokalin ya riƙa danƙo yana warin tsohon mai, kuma ba wankin da zai fitar. Ta ce mahaifinta kakin zuma yake narkawa da wani mai marar wari. Ita kuma shekara da shekaru farin man nan na kantin magani take amfani da shi, wanda ake ba mai fama da taurin bayan gida, don ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, ba ya kuma lalacewa.

Na ce, "Mama, ashe kwalbar da kike sa ni kawo miki duk shekara ta cokula ce? Ni ina ta tausayin cikinki."

"Cikina lafiyarsa ƙalau. Ke dai kawo."

Na kawo man daga wurin aiki, kakin kuma Baba ya samo wurin wani mai sayar da zuma a ƙarshen layinmu. Ta nuna masa yadda ake haɗawa: kaki kashi ɗaya, mai kashi huɗu, a cikin gwangwani mai tsabta, a sa gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi, kada a ɗora shi kan wuta kai tsaye don yana iya kamawa. Da ya narke ya huce, ya zama kamar man shafawa mai laushi. Baba ya yanki tsohuwar farar riga wankakkiya, ya riƙa ɗiba yana murzawa a jikin itacen. Cokulan suka shanye na farko nan take kamar masu ƙishirwa. Aka bar su suka kwana, da safe ya goge abin da ya rage a sama, ya sake shafawa. Sau uku aka yi haka. Katakon yanka sai da ya sha sau biyar, kuma ta ce a shafa masa gaba da baya da gefuna, in ba haka ba zai lanƙwashe.

Ba su yi ƙyallin banish ba. Launinsu ya dawo, ɗan haske kaɗan fiye da da, kuma in ka ɗiga ruwa sai ya tsaya ƙwaya-ƙwaya ya gangare. Mama ta ce alamar ke nan. Ranar da ruwa ya daina tsayawa, ko itacen ya fara yin fari, lokacin shafi ya yi.

Daga nan ta karanto masa dokokin, ni ma ta ce in saurara. A wanke da zarar an gama, da ruwan ɗumi da ɗan sabulu. Kada a bari a cikin ruwa ko na awa ɗaya. A goge da tsumma, a tsayar da su su sha iska, ba a rana ba, ba kusa da wuta ba. In katako ya riƙe warin albasa ko kifi, a barbaɗa gishiri a goge da rabin lemun tsami. Baba ya ciro fensirin da ke maƙale a kunnensa ya rubuta a bayan kalanda.

Saura ludayin. Shi ya bari na ƙarshe. Da ya kankare banish ɗin, tsagun ya fito fili, ya ma ƙara buɗewa, har in ka ɗaga shi sama kana hango haske ta ciki. Ya ce yana da gam mai ƙarfi, zai ɗura ya matse shi kwana biyu, ba wanda zai gane.

Mama ta karɓa ta daɗe tana dubawa. Ta sa farce a cikin tsagun.

"A'a. Abinci zai riƙa shiga nan, wanki ba ya kaiwa, ya ruɓe a ciki. Gam ɗinka kuma ba zan dafa wa jikokina shi ba. Ya gama aikin tukunya."

"Ni na jawo."

"Kai ka jawo," ta ce. "Ni ma ban gaya maka ba. Na ɗauka kafinta ya san ruwa da itace ba sa shiri."

Ta sa na wanke shi, aka shafa masa man kamar sauran, ta jefa shi cikin buhun shinkafa don awo. Ta ce busasshen abu ba zai dame shi ba. Daga nan ta ce kanta na ciwo, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Mun san ba ciwon kai ba ne.

Baba ya zauna yana tattara ɓarɓashin itace da gefen hannunsa. Can ya ce mini, shekarar da ya auri Mama, surukinsa ya taɓa ce masa ya zo ya koya masa sassaƙar cokali. Shi kuwa a lokacin ya sayi sabon injin yanka katako, yana ji da kansa, sai ya yi dariya ya ce shi kafintan gadaje ne. Tsohon bai ƙara tayar da maganar ba.

"Kwana biyu da na zauna kusa da shi, da yanzu ban tsaya ina zare ido ba," in ji shi.

Bayan kwana biyu na zo na tarar da gungumen itace a baranda. Ya fara duba ragowar katakon shagonsa, amma da kansa ya ajiye su, don ya san yawancinsu an yi musu feshin maganin gara, wasu kuma manne suke da gam. Sai ya ji maƙwabcinmu na ƙasa yana sare reshen mangwaron da ke taɓa wayar lantarki, ya sauka da gwiwoyin nan nasa ya roƙi guntu huɗu, don ya sassaƙa wa Mama sabon ludayi.

Na farko ya tsage tun kafin ya gama, don ya bar tsakiyar itacen a ciki. Na biyu ya fito da kauri, Mama ta ɗaga ta ce wannan shebur ne, a kai wa masu gini. Na uku ya yi kyau a ido, amma in ka ɗebi ruwa sai ya zube ta hagu. Baba bai yi fushi ba. Ya ɗauko tsohon ludayin daga buhun shinkafa ya auna zurfinsa da kaurin bakinsa, ya zana a takarda, ya mayar da shi. Na huɗun ya ɗauke shi mako guda. Da ya gama sassaƙa, Mama ta ce kada ya yi gaggawa, ɗanyen itace ne, ya sa shi cikin jakar takarda a ƙarƙashin gado ya bushe a hankali. Kullum da safe sai ya ciro ya duba ko ya tsage. Bai tsage ba.

A lokacin an riga an cire wa Mama filasta. Hannun ya rame, ba ya juyawa sosai, likita ya ce ta riƙa motsa shi da ƙananan ayyuka. Ta karɓi kicin ɗinta, amma wanke-wanke ya zauna a hannun Baba, kuma yanzu ko cokalin shayi ba ya bari ya kwana a roba.

Ranar da sabon ludayin ya sha mansa na uku, yayana ya zo da matarsa da yara. Mama ta yi miya a babbar tukunya. Baba ya kawo ludayin ya ajiye a gefen murhu, ya koma bakin ƙofa ya tsaya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ta ɗauka, ta auna nauyinsa a hannu, ta tsoma. Ta zuba kwano ɗaya, biyu, har bakwai. Da ta zo ƙasan tukunya ta karkata ta, ta ɗan yi fama, sannan ta juyo.

"Bakin ya yi kauri. Ba ya kwashe na gindi."

"Da yawa?"

"Kaɗan. Ta nan gefen." Ta nuna masa da yatsa.

Ya karɓa, ya wanke, ya goge, ya fita baranda da wuƙarsa. Matar yayana ta leƙa ta ce, "Baba, abinci zai huce."

"Ku fara, 'yata, ina zuwa."

Muna ci muna jin ƙarar samfefa. Mama ta ɗaga murya ta ce in ya fere shi, ya tuna sai an sake shafa wa wurin mai, kuma sai ya kwana.

"Na sani," ya amsa daga baranda.

Ta rufe masa kwanonsa da faranti, ta tura gefe, ta ci gaba da ba ƙaramin jikanta abinci da hannun dama.